YADDA AKA SAMO MAGANIN KUTURTA

Cikin dukan cututtukan da suka daɗe suna damun 'yan Adam, da wuya a sami wadda aka fi tsoro kamar kuturta. Ba ta cika kisa ba, amma tana raba mutum da yatsunsa, ta raba shi da sana'arsa, daga baya ta raba shi da danginsa. A zamanin da, in ta bayyana a jikin mutum a ƙasar Hausa, sai a keɓe masa ƙwaryar ci da ta sha, wani ma matarsa ta fita, ƙarshe ya koma unguwar kutare ƙarƙashin Sarkin Kutare, ya shiga bara.

Yau kuwa kuturta tana warkewa cikin wata 6 ko wata 12, da ƙwayoyin magani waɗanda ake bayarwa kyauta. Mutane da yawa sun san haka, amma kaɗan ne suka san yadda aka yi har aka kai ga wannan matsayi. Aiki ne na shekara fiye da 100, gwaji bayan gwaji, kuma wani babban kashi na aikin a Nijeriya aka yi shi.

GANO ƘWAYAR CUTAR

Labarin ya faro ne daga Norwe, wata ƙasa mai tsananin sanyi a arewacin Turai. Shekara 150 da suka wuce kuturta ta yi yawa cikin masunta da talakawan manoma na ƙasan nan, har aka gina musu asibitoci a birnin Bergen. Babban likitan wurin, Danielssen, ya haƙiƙance gadonta ake yi. Don ya tabbatar da maganarsa ya ɗebi ruwan jikin masu cutar ya sa a jikin kansa, ba sau ɗaya ba, bai kuwa kamu ba.

Akwai wani saurayin likita a ƙarƙashinsa, sunansa Hansen, wanda ya auri 'yarsa. Shi bai yarda da maganar surukinsa ba. Ya duƙufa yana duban naman masu cutar a madubin likita, watau madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa. A 1873 ya ga waɗansu 'yan ƙwayoyi masu kama da guntayen tsinke. Su ne ƙwayoyin kuturta. Daga nan aka soma gane cewa kuturta ba gado ba ce, ba kuwa sammu ba. Cuta ce mai ƙwaya kamar tarin fuka. Yanzu an san tana fita ne daga hanci da bakin wanda bai sha magani ba, ta kama wanda ya daɗe yana zaune tare da shi. An kuma san wajen mutum 95 cikin 100 jikinsu yana kashe ƙwayar da kansa. Abin da ya tserar da Danielssen ke nan, ya kuma ɓatar da shi.

Amma Hansen ya yi wani abu da ya zama abin tunawa ga likitocin bayansa. A 1879, don ɗokin tabbatar da abin da ya gano, ya ɗebi ƙwayar daga jikin wani majinyaci ya sa a idon wata mace da ke kwance a asibitin, ba da yardarta ba. Aka kai shi gaban shari'a a 1880, aka cire shi daga aikinsa na asibitin. Girman iliminsa bai hana a hukunta shi ba, gama jikin mutum ba gonar kowa ba ce.

MAN CHOLMUGURA

Gano ɓarawo daban, kama shi daban. An san ƙwayar, amma aka yi kusan shekara 70 ba a sami abin kashe ta ba. Abin da ake da shi kaɗai shi ne wani mai da ake tatsowa daga 'ya'yan wani itace na ƙasashen Indiya da Bama, ana ce da shi cholmugura. Mutanen can sun daɗe suna aiki da shi. A 1854 wani likita Bature a Kalkata, Mouat, ya ba likitocin Turai labarinsa. In an sha man nan sai ya tayar da zuciya, in an yi allurarsa sai ya dunƙule a ƙarƙashin fata. Wata budurwa baƙar fata mai ilimin haɗa magunguna, Alice Ball, ta sami dabarar tsinka shi yadda jiki zai karɓa, a tsibirin Hawai. Ta rasu a 1916 tana da shekara 24, ba ta ga amfanin aikinta ba.

Da wannan mai aka yi ta yi wa mutane allura a wuraren jiyya na Nijeriya: Itu da Uzuakoli a Gabas, Garkida a lardin Adamawa, sa'an nan Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga kusa da Katsina, da Amanawa a lardin Sakkwato, waɗanda mishan ta S.I.M. ta kama riƙonsu wajen 1937 tare da En'o'in ƙasar. Allurar tana da zafi ƙwarai, ana kuwa yin ta shekara da shekaru.

To, man nan yana warkarwa ko ba ya warkarwa? Likitoci suka yi ta gardama, gama kuturta iri-iri ce. Akwai mai sauƙi, mai tabo ɗaya ko biyu, wadda takan mutu da kanta ko ba a yi mata kome ba. Akwai kuma mai tsanani, mai kumbura fuska da kunnuwa, wadda ba ta barin mutum. In mai sauƙin ya sami lafiya, sai a yaba wa maganin da ya sha daga ƙarshe, ko na asibiti ne ko na boka. Daga wannan gardama aka koyi cewa shaidar mutum ɗaya ko biyu ba ta isa a ce magani yana ci ba. Sai an rubuta kowa da kowa, wanda ya warke da wanda bai warke ba, an ƙirga, an kwatanta.

DAGA AMURKA ZUWA UZUAKOLI

A 1908 waɗansu masana biyu a Jamus suka haɗa wani farin gari wanda yanzu ake kira dafson. Ba su san yana maganin kome ba, aka ajiye shi kusan shekara 30. A 1937 aka gwada shi a Ingila da Faransa, aka ga yana kashe ƙwayoyin waɗansu cututtuka a jikin ɓeraye, amma da aka ba mutane da yawa sai ya ɓata musu jini. Aka ce guba ne, aka koma neman 'ya'yansa waɗanda ba su kai shi ƙarfi ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Promin.

A 1941 Likita Faget ya soma yi wa masu kuturta allurar Promin a asibitin Carville, cikin jihar Luwiziyana ta Amurka. Waɗanda suka yarda su kaɗai aka yi wa. A 1943 aka buga abin da aka gani: cikin mutum 22 da suka daɗe ana yi musu, 15 sun sami sauƙi a fili, miyakunsu sun rufe, kumburi ya saɓe. Wannan ne karo na farko da aka ga mai tsananin nan ta ja da baya. Sai dai Promin yana da tsada, kuma a jijiya ake yin sa kusan kullum. Talakan Indiya ko na Afirka ina zai same shi?

A nan ne Nijeriya ta shigo cikin labarin. Wajen 1947 Likita John Lowe, wanda ya daɗe yana aikin kuturta a Indiya, ya zo Uzuakoli a ƙasar Ibo don bincike. Masana sun riga sun lura cewa in 'ya'yan dafson suka shiga jiki, komawa dafson suke yi. Lowe ya ce, in haka ne, watakila uban ba guba ba ne, yawansa ne ya zama guba. Ya soma ba majinyata ƙwayar dafson su haɗiya, ɗan kaɗan da fari, yana ƙarawa sannu sannu. Yana auna jininsu a kai a kai don kada ya ɓaci. Lokaci lokaci kuma a ɗan tsaga fatar kunnensu a ɗebo ruwa, a duba a madubi, a ƙirga ƙwayoyin cutar, a rubuta. Da watanni suka shuɗe sai littafin ya nuna ƙwayoyin suna raguwa, mutanen kuwa ba su cutu ba. A 1950 ya buga labarin a wata babbar jaridar likitoci ta Ingila.

Ƙwayar dafson tana da araha ainun, ba ta lalacewa da zafi, ba ta bukatar allura. Saboda haka ba lalle ne a raba mutum da gidansa a tsare shi a wurin jiyya ba. A Nijeriya ta Arewa Likita Ross ya shirya aikin bisa wannan hanya cikin shekarun 1950. Aka koya wa ma'aikatan En'e, aka ba su littafi da kwalabe. Mako mako sukan zauna a ɗakin shan magani na ƙauye ko gindin itace, su kira suna, kowa ya haɗiye rabonsa a gabansu, ya koma gonarsa. Dubban mutane waɗanda da suke ɓoye tabonsu a ƙarƙashin riga suka fito.

CUTAR TA YI TAURIN KAI

Murna ba ta daɗe ba. Dafson a hankali yake aiki. Mai tsananin cutar sai ya sha shi shekaru da yawa, wani har iyakar ransa. Ɗan Adam kuwa ajizi ne. Wani in ya ga tabo ya ɓace sai ya bari, wani damina ta hana shi zuwa, wani ya tafi cin rani. Ƙwayoyin da suka tsira daga wannan shan na yau-a-sha-gobe-a-bari sai suka hayayyafa, suka zama iri wanda maganin ba ya ci.

Tabbatar da haka ya yi wuya, gama ƙwayar kuturta ba ta yarda ta tsiro cikin kwalba kamar sauran ƙwayoyin cuta; har yau ba wanda ya iya shuka ta. Tana da nawa kuma: takan yi kusan mako biyu kafin ɗaya ta zama biyu, shi ya sa mutum yakan yi shekara 5, wani har 20, kafin cutar ta bayyana. A 1960 Likita Shepard na Amurka ya gano tana yaɗuwa a tafin ƙafar ɓera, don wurin yana da sanyi. A 1971 kuma aka gano tana kama wata dabba ta Amurka mai ɓawo a baya kamar sulke, ana ce da ita amadilo. Da taimakon ɓera aka tabbatar a 1964, a wurin jiyya na Sungai Buloh a Malesiya, cewa akwai ƙwayoyin da dafson ba ya kashewa. Cikin shekarun 1970 aka sami mutane a Habasha waɗanda tun farkon kamuwarsu irin wannan ce ta kama su.

Allah Ya sa an riga an soma tanadin waɗansu makamai. A Dublin ta ƙasar Ailan, Vincent Barry da abokan aikinsa sun haɗa wani jan magani don tarin fuka, amma bai yi abin da suka so ba. Aka kawo shi Uzuakoli, Likita Stanley Browne da Likita Hogerzeil suka gwada shi ga masu kuturta waɗanda suka yarda, suka buga sakamakon a 1962: yana ci. Shi ne kilofazimin. Watau biyu daga cikin magunguna uku da duniya ke sha yau, majinyatan Uzuakoli suna cikin na farkon da suka ba da jikinsu aka tabbatar da su. Na ukun, rifamfisin, masanan Italiya suka samo asalinsa daga wata ƙwaya da ke cikin ƙasar wani kurmi a kudancin Faransa. A 1970 aka nuna yana kashe ƙwayoyin kuturta cikin 'yan kwanaki.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙwayar da ta kuɓuce wa magani ɗaya, da wuya ta kuɓuce wa uku a lokaci guda. Aka yi gwajin haɗa su a Bamako ta ƙasar Mali da Chingleput ta Indiya. A watan Oktoba na 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana a Jeniba, suka yanke shawara a daina ba da dafson shi kaɗai, a riƙa haɗawa. Da fari mai tsananin cutar yana sha wata 24. Da aka ci gaba da bin sawun waɗanda suka sha, aka ga wata 12 ya isa. Tun 1995 kyauta ake raba maganin ko'ina a duniya, da fari da kuɗin wata gidauniya ta Japan, daga 2000 kuma kamfanin Novartis ya ɗauki nauyi. A 1985 akwai mutum fiye da miliyan 5 a littattafan jiyya. Daga lokacin zuwa yau an yi wa fiye da miliyan 16 magani.

YADDA AKE GWAJI YANZU

Bayan wannan sai aka tambaya, ko za a iya tare cutar tun ba ta fito ba? Amsar ta zo daga Bangaladash, ta hanyar da ya kamata kowa ya fahimta, don ita ce hanyar gwada kowane sabon magani a yau. Aka nemi mutum fiye da 21,000 daga iyalai da maƙwabtan masu kuturta, aka bayyana musu abin da za a yi, suka yarda. Aka jefa ƙuri'a aka raba su kashi biyu. Kashi ɗaya aka ba su rifamfisin sau ɗaya tak. Ɗaya kashin aka ba su ƙwaya mai kama da shi wadda ba magani a cikinta. Mai sha bai san wadda ya sha ba, mai dubawa ma bai sani ba, don kada son zuciya ya shiga lissafi. Bayan shekara biyu aka buɗe littafi, aka tarar kamuwa ta ragu da kashi 57 cikin 100 a wajen waɗanda suka sha maganin gaske. An buga wannan a 2008, a 2018 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa yin haka.

Ƙa'ida ita ce, sabon magani daga dabbobi ake fara shi, sa'an nan mutane 'yan ƙalilan don a ga ko yana cutarwa, sa'an nan ɗaruruwa, sa'an nan dubbai. Bisa dukan wannan akwai sharaɗi guda, wanda ƙungiyar likitocin duniya ta rubuta a Helsinki a 1964: ba a gwada kome a jikin mutum sai an faɗa masa gaskiya da harshen da yake ji, ya yarda da kansa, yana kuma da ikon fita ran da ya ga dama. In yaro ne, sai da yardar iyayensa.

Mutanen Kano sun san muhimmancin wannan sharaɗi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwaji da yara wajen 200: rabi aka ba su sabon magani mai suna Trovan, rabi wani sanannen magani. Yara 11 suka rasu, 5 a kashin farko, 6 a na biyu. Iyaye da Gwamnatin Kano suka kai ƙara cewa ba a nemi izini yadda ya kamata ba. Kamfanin ya musa. A 2009 aka yi sulhu a kan dala miliyan 75. Amana kuwa in ta karye, kuɗi ba su ɗinke ta da sauri. Gwaji na gaskiya ba ya tsoron tambaya, mai hankali kuma ba ya jin kunyar yin ta.

ABIN DA YA RAGE

Kuturta ba ta ƙare ba. A 2023 an rubuta sababbin masu ita fiye da 180,000 a duniya, mafi yawansu a Indiya da Birazil da Indonesiya. Nijeriya tana cikin ƙasashen da ake samun fiye da 1,000 kowace shekara. Maganin da ake da shi ma yana da nasa aibi. Wata 12 lokaci ne mai tsawo. Kilofazimin yana rina fata ta yi duhu na ɗan lokaci, har ya tona asirin mai son ɓoyewa, ya sa shi bari. Kuma magani yana kashe ƙwaya ne kurum, ba ya tayar da jijiyar da ta riga ta mutu.

Saboda haka bincike bai tsaya ba. Akwai bedakwilin, wanda aka yarda da shi don tarin fuka a 2012. An gwada shi ga masu kuturta ƙalilan a Birazil da Mali, aka buga labari mai ƙarfafa zuciya a 2024. A tsibiran Komoros an haɗa shi da rifamfisin don a ga ko rigakafin zai ƙara ƙarfi. An kuma haɗa wata allurar rigakafi mai suna LepVax, wadda aka fara gwadawa ga masu lafiya a Amurka, aka shirya ci gaba da ita a Birazil. Ko waɗannan za su ci ko ba za su ci ba, ƙirga ce za ta faɗa, kamar yadda ta faɗa a Carville da Uzuakoli.

Samun magani kuma bai isa ba sai ya kai ga mai ciwo. A 2024 maganin kuturta ya yanke a Nijeriya kusan shekara guda saboda jinkirin takardun shigo da shi, bai iso ba sai Maris na 2025, majinyata kuwa suna jira cutar tana ci. Cikin wannan shekara ta 2024 aka shaida wa ƙasar Jodan cewa ta rabu da kuturta ɗungum, ita ce ta fari a duniya. Abin da ya yiwu can, ba abin da zai hana shi yiwuwa a wani wuri.

Rabon talaka a wannan aiki ba ƙarami ba ne. Kuturta tana somawa ne da tabo mai haske ko ja-ja a fata, ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, in an shafa auduga a kansa mai shi ba ya ji. Wanda ya ga haka ya hanzarta zuwa asibiti, gama yatsu ba faɗuwa suke yi da kansu ba. Jijiya ce ke mutuwa, wuta ta ƙona hannu ko ƙaya ta soki ƙafa ba a ji ba, miki ya ci. Wanda ya soma magani ya sha har ƙarshe, kada ya maimaita abin da ya karya dafson. Wanda ɗan'uwansa ya kamu kuma kada ya keɓe masa ƙwarya, don mai shan magani ba ya ba kowa cutar. Mutanen da suka miƙa hannu aka yi musu allurar cholmugura mai zafi, da waɗanda suka haɗiyi dafson tun ana ce da shi guba, ba a rubuta sunayensu a littattafan tarihi ba, amma albarkacinsu na baya suke ci. Allah Ya saka musu da alheri, Ya ba marasa lafiya lafiya, amin.